Katin AA da muka taho da shi Ingila

Ranar da ungozoma ta kira ni a waya ina kicin ina kokawa da warin albasa, cikina bai cika mako 10 ba. Ta ce sakamakon jinina ya fito, ni AS ce. Na ce ai wannan tun ina sakandare na sani, maigidana AA ne, muna da kati. Ta ce madalla, amma dai ya zo a ɗebi jininsa, don ba sa dogara da takardar da ba su san yadda aka yi ta ba. Wallahi raina ya sosu. Na ajiye wayar ina ta mita ni kaɗai, wato namu katin takardar tsire ce ke nan? Katin nan fa har leda aka manna masa, ga hatimi ga sa hannu, shi aka nuna wa waliyyai kafin a sa rana.

Da ƙyar na lallaɓa Yaya ya je (ɗan Gwaggona ne, har yau bakina ya kasa kiransa da wani suna). Bayan 'yan kwanaki aka shigar da mu wani ɗan ɗaki mai kujeru uku da kwalin tishu a kan tebur. Ina ganin tishun nan gabana ya faɗi. Yaya AS ne. Ya zaro katinsa daga walat ya ajiye a gaban ma'aikaciyar asibitin, ta karanta, ta miƙo masa cikin ladabi ta ce ba shi ne na farko ba. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kunyar ɗakin gwajin can na unguwarmu da ya karɓi kuɗinmu ya rubuta abin da ya ga dama. Na ji daɗi da Kano ta kafa dokar gwaji kafin aure a 2024, amma wa yake gwada masu gwajin? Balle waɗanda ke zuwa su sayi AA don kada a fasa biki, Allah ya shirye su.

Matar ta zana gida huɗu a takarda: AA ɗaya, AS biyu, SS ɗaya. Ta ce kowane ciki da nasa lissafin, 1 cikin 4 na iya zama sikila, ba wai in an samu uku lafiyayyu sai na huɗu ya biya bashi ba. Daga nan ta baje mana zaɓi kamar mai talla.

Gwaje-gwajen nan kashi biyu ne, kuma a gida ban taɓa jin an bambanta su ba. Akwai na ƙiyasi, akwai na tabbaci. Na ƙiyasi ba sa taɓa ciki. Tsakanin mako na 10 da na 14 ana ɗibar jinin uwa, a auna ruwan da ke ƙeyar ɗan tayi a hoton ciki, a haɗa da shekarun uwa, sai a faɗa miki yiwuwar larurar Down, wadda mu muke jefawa cikin kwandon galahanga, da wasu biyu masu tsanani, Edwards da Patau. Wadda ta makara akwai wani gwajin jinin har mako na 20, amma bai kai na farkon kaifi ba. In lissafi ya kai 1 cikin 150 ko ya fi haka kusa, sai a ba ki NIPT kyauta, wanda ke tace ɓurɓushin ƙwayoyin halittar mabiyiya a jinin uwa. Mai gaggawa tana iya biyan fam ɗaruruwa a asibitin kuɗi tun daga mako na 10. Na yi murna na ce a yi mini wannan, ta girgiza kai: babu ruwan wannan da sikila. Sikila sai na tabbaci, wato allura ta ciki, ko a tsinko ɗan naman mabiyiya tsakanin mako na 11 da na 14, ko a zuƙo ruwan mahaifa daga mako na 15. Kuma ana iya yin ɓari, kamar 1 cikin 200.

Na dube ta na ce, in ke ce wanne za ki yi? Ta yi murmushi ta ce zaɓinki ne. Na sake tambaya ta wata hanya, ta sake ba ni amsar nan. Haushi ya kama ni. A gida likita ko ɗago kai ba ya yi, sai dai "Hajiya, je ki yi kaza ki dawo", kuma ko ba komai ya ɗauke miki nauyi. A nan an mutunta ni, an ba ni awa guda cur, an tambaye ni ko ina son tafinta, sannan aka ɗora mini dutsen a kai aka ce in tafi gida in yi tunani. Gidan da ba Umma, ba Inna, ba maƙwabciyar da za ta leƙo ta katanga. Daga ni sai hita da ruwan sama.

Kwana uku muna juya maganar bayan isha'i. Yaya ya ce, tunda ko me aka gani ba za mu taɓa cikin ba, me za mu saya da kasadar allura? Na ce sani. Ya ce sanin zai zo. Da gaskiyarsa, don a nan ranar da jariri ya cika kwana 5 ana tsaga dundunniyarsa a gwada, in SS ne kafin wata 3 an ɗora shi a kan fenisilin kullum don tare cututtuka. Muka ƙi allura, muka karɓi na ƙiyasi. Wasiƙa ta zo ta gidan waya, yiwuwar ƙanƙanuwa ce, alhamdulillahi.

Kada a ɗauka nan aljanna ce. Kyautar da ake faɗa mun riga mun biya ta, fam 1,035 kowannenmu na kowace shekara tun wajen biza. Hoton ciki sau biyu ne kacal in ba matsala, na mako 12 da na mako 20, alhali a gida da kuɗinki kullum ma sai ki ga ɗanki. Amma yawancin ƙofofin da na lissafa kafin wata na biyar ya ƙare suke rufewa, mu kuwa lokacin ne muke fara yarda muna da ciki. Kunyar ɗan fari, tsoron baki, katon hijabi, sai ciki ya turo riga a tafi awo.

Gwaggo ce ƙarshen wadda muka faɗa wa. Ta ce, "Ke 'yar nan, mu da muka haife ku wane gwaji muka yi?" Na yi shiru, ita ma ta yi shiru. Duk dangi sun san Yaya yana da ƙanne biyu da suka rasu suna ƙanana, kullum kumburin hannu da kukan ƙafa in sanyi ya shigo, aka ce amosani ne. Can na ji ta ja numfashi, ta ce in ba shi wayar. Autanta za a ɗaura wa aure bayan Babbar Sallah, kuma a ɗakin gwajin nan aka yi nasa katin. Ta ce Yaya ya turo kuɗi a sake, wuri biyu daban, ita da kanta za ta raka shi.