Wace Fassarar Littafin Konfushiyas Ta Cancanci Kuɗinka?

Mai neman karanta Konfushiyas, shahararren malamin falsafa na tsohuwar ƙasar Sin, da Turanci zai tarar da fassarori barkatai na littafi guda, wanda Sinawa ke kira Lunyu, Turawa kuma Analects. Littafin kansa ba wani babba ba ne: babi 20, maganganu kusan 500 da almajiransa da almajiran almajiransa suka tattara bayan rasuwarsa a shekara ta 479 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Yawancinsu layi biyu ne ko uku, ba a faɗi inda aka yi su ba, balle dalilin yin su. Don haka kafin ka duba kyawun bango ko farashi, fara tambaya ko akwai sharhi a ciki.

Su kansu Sinawa ba su saba karanta shi tsurarsa ba. A ƙarni na 3 He Yan ya tattara sharhohin magabata, daga baya Zhu Xi (1130-1200) ya rubuta nasa, wanda ya zama ma'aunin jarrabawar shiga aikin gwamnati daga 1313 har zuwa 1905. Duk wanda ya taɓa zama a zaure gaban malam da Risala a hannu ya san tazarar da ke tsakanin matani da sharhinsa. Ɗauki misali daga babi na 13: wani basarake ya yabi mutumin ƙasarsa da ya ba da shaida a kan mahaifinsa da ya saci tunkiya, sai Konfushiyas ya ce a wajensu uba kan rufa wa ɗa asiri, ɗa ya rufa wa uba, kuma a nan gaskiyar take. Idan ka karanta wannan babu mai ja maka baƙi, za ka ɗauka malamin yana ɗaure wa sata gindi ne. Masu sharhi ne za su nuna maka cewa gardama ce a kan inda adalci yake farawa, cikin gida ko gaban hukuma, kuma an shafe ƙarnoni ana yin ta.

Saboda haka, in kuɗinka na littafi ɗaya ne kacal, ni dai fassarar Edward Slingerland zan nuna maka, wadda kamfanin Hackett ya buga a 2003. A ƙarƙashin kowace magana yana kawo abin da malaman Sin na zamuna daban-daban suka ce, har da wuraren da suka saɓa wa juna, sannan a ƙarshe akwai bayanin sunayen mutane da na masu sharhin. Illarta ita ce nauyi: shafi kan cika da bayani har maganar malamin ta kusa nutsewa, kuma ba littafin kwanciya a gado ba ne. A lura, akwai taƙaitacciyarta mai suna The Essential Analects wadda zaɓaɓɓun maganganu kawai ta ƙunsa, kada a sayar maka da ita a matsayin cikakkiyar.

Ta kusa da ita ita ce ta Annping Chin, wadda Penguin ya fitar a 2014. Ita ma tana bin kowace magana da bayani, amma ta fi karkata ga tarihi, wane sarki ne ke mulki, wace rigima ake ciki a ƙasar Lu, mahaifar Konfushiyas, kuma ta dogara sosai ga malaman zamanin daular Qing irin su Liu Baonan. Ta fi ta Slingerland daɗin karatu. Wanda falsafa ta kawo shi ya ɗauki Slingerland, wanda ke son ganin mutumin a cikin zamaninsa ya ɗauki Chin.

A nan akwai tarko. Penguin yana da wata fassarar tun 1979, ta D. C. Lau, kuma suna ɗaya suke ɗauke da shi. In ta intanet za ka saya, tabbatar da sunan mai fassara. Ta Lau amintacciya ce, ba ta ƙawa, tana da doguwar gabatarwa da rataye a kan rayuwar malamin da almajiransa, sai dai bayani a ƙarƙashin matani kaɗan ne. Ta dace da wanda ke da malamin da zai tambaya.

Ta James Legge, ɗan mishan daga Sikotlan, ta fito a Hong Kong a 1861, ya sake gyara ta a 1893. Kada ka kashe mata ko kwabo. Haƙƙin mallakarta ya daɗe da ƙarewa, tana nan kyauta a shafin Chinese Text Project kafaɗa da kafaɗa da rubutun Sinanci. Da yawa daga cikin bugu masu araha da ba sa nuna sunan mai fassara, Legge ne aka sake wa bango aka zubar da bayanansa, alhali bayanan nan su ne amfaninsa. Turancinsa kuwa na zamanin Sarauniya Biktoriya ne, sai an daure.

Masu neman daɗin harshe suna da biyu. Arthur Waley, a 1938, ya yi ƙoƙarin tsallake Zhu Xi ya koma ga abin da masu tattara littafin na farko suka nufa. Simon Leys, ɗan Beljiyam da ainihin sunansa Pierre Ryckmans, ya fitar da tasa a 1997, gajeriya mai kaifi, kodayake bayanansa sun fi yawan janyo marubutan Turai fiye da malaman Sin. Shi ɗin dai ya riga ya fassara littafin da Faransanci a 1987, kuma akwai ta Anne Cheng ta 1981, don haka mai karatu da Faransanci bai rasa zaɓi ba.

Biyu kuma a bar su sai an ƙoshi da na farko. Roger Ames da Henry Rosemont, a 1998, sun yi amfani da tsohon kwafin littafin da aka rubuta a kan sandunan gora, wanda aka tono a Dingzhou ta ƙasar Sin a 1973, amma fassararsu na ɗauke da nasu ra'ayin falsafa mai ƙarfi. A wannan shekarar ma Bruce da Taeko Brooks suka fitar da The Original Analects, inda suka sake jera babobin bisa hujjar cewa an gina littafin sannu a hankali cikin shekara fiye da 200. Masana da dama ba su yarda da yadda suka tsayar da shekarun ba.

In za ka haɗa biyu, ka sani rubutun sunaye ya bambanta. Almajirin da Lau da Waley suka rubuta Tzu-kung shi ne Zigong a wajen Slingerland da Chin. Lambobin maganganu ma sukan zame, musamman a babi na 10, saboda ba kowa ne ya yanka matanin a wuri ɗaya ba.