Wata takwas da Toyota GR Yaris: sharhin mai ita

A watan Mayun 2025 na sayi Toyota GR Yaris, ƙirar da aka sabunta a 2024, fara mai giyar hannu, daga wurin wani mutum da bai cika shekara guda da ita ba. Ina zaune a Manchester, kuma aikina ba ya buƙatar mota mai gudu, domin mafi yawan kwanaki jirgin ƙasa nake shiga. Abin da ya sa na yi gaggawa shi ne ganin yadda motoci irinta suke ta ƙarewa a kasuwar Turai ɗaya bayan ɗaya, har na fara tsoron kada lokacin da kuɗin zai gama taruwa ya zamana babu abin da za a saya da shi. Yanzu da na yi wata takwas ina tuƙa ta, cikin bazara da ruwan kaka da sanyin hunturu, ina ganin na samu bakin magana a kanta.

Duk wanda ya taɓa shiga Golf daga Kano zuwa Katsina ya san siffar motar da nake nufi, wato ƙaramar mota mai guntun baya, wadda murfin but ɗinta yake ɗagawa tare da gilashin baya. Turawa sun daɗe da al'adar ɗaukar irin wannan mota ta cefane su saka mata injin da ya fi ƙarfin jikinta, kuma Golf GTI ta 1976 ce aka fi danganta wa yaɗuwar al'adar. GR Yaris ta bi wannan layi, amma asalinta ya bambanta, domin ba Yaris ta gida aka ɗauko aka ƙara wa yaji ba. An ƙera ta ne saboda gasar tseren rali ta duniya, wadda dokarta a lokacin ta ce motar tsere dole ta samo asali daga motar da aka ƙera aƙalla 25,000 cikin wata goma sha biyu. Shi ya sa ƙofofinta uku ne idan an haɗa da murfin but, rufinta na zaren kabon ne, ƙofofi da bonet da murfin but kuwa na alminiyom, kuma a masana'antar Motomachi ta Japan ake harhaɗa ta a wani layi na musamman. 'Yar uwarta ta fagen tsere ita ce ta kai direba Kalle Rovanperä ga kambun duniya a 2022 da 2023, kuma a tseren Safari na Kenya na 2022 motocin Toyota ne suka kwashe matsayi na ɗaya har zuwa na huɗu.

Injinta silinda uku ne kacal, mai lita 1.6, da tarbo mai cusa masa iska, yana ba da ƙarfin doki 280. Daga tsaye zuwa gudun kilomita 100 a awa tana ɗaukar daƙiƙa 5.2, iyakar gudunta kilomita 230 ne, nauyinta kuma kilo 1,280. Waɗannan alƙaluma suna da daɗin faɗa a majalisa, amma a ƙasar da doka ba ta yarda a wuce mil 70 a awa a kan babbar hanya ba, ba su ne suke sa mutum ya tashi da asuba ya fita yawo ba. Abin da ke fitar da ni shi ne yadda take riƙe kwalta.

Akwai wata hanya tsakanin Manchester da Sheffield da ake kira Snake Pass, wadda ta ratsa tsaunukan Peak District, kwana a kan kwana kamar yadda sunanta ya nuna. Wata safiyar Asabar a watan Nuwamba na hau ta bayan sallar asuba, ana yayyafi, kwaltar ta yi baƙi tana ƙyalli, ganyen da ya zubo kuma ya manne a gefen hanya. A irin wannan yanayi, motar da tayoyin gaba kaɗai suke ja tana nuna wa direba iyakarsa da wuri, domin da zarar ya taka totur a tsakiyar kwana sai tayoyin su fara lalube, hancin motar ya nemi buɗewa waje. Ita wannan duka tayoyinta huɗu suna ja, kuma a gaba da baya akwai na'urar da ke tura ƙarfi zuwa tayar da ta fi samun riƙo. Da na isa wata kwana mai tsanani a gangaren da ke sauka wajen madatsar ruwa ta Ladybower, na taka birki, na sauko daga giya ta uku zuwa ta biyu, na karya sitiyari, sannan na fara ba ta wuta tun kafin hanyar ta miƙe. Maimakon ta yi gardama, sai na ji bayanta ya zauna daram, ta ja kanta cikin kwanar ta fita kamar an ɗaura mata igiya ana ja daga gaba. Ban wuce mil 50 da aka ƙayyade wa hanyar ba, amma da na tsaya na kashe injin, sai na tarar ina murmushi ni kaɗai, tumakin da ke kiwo a kan tudu suna kallona.

Sandar giyar gajeriya ce, tana kusa da hannu, tana shiga da ɗan nauyi irin wanda yake tabbatar wa mutum cewa ƙarfe ya haɗu da ƙarfe. Akwai maɓallin da idan aka kunna shi motar da kanta take ɗaga ƙarar injin yayin saukowa giya don kada ta yi tsalle, amma na fi son in kashe shi in koya wa ƙafata. Akwai kuma abin murɗawa da ke canza yadda ake raba ƙarfi tsakanin gaba da baya: a tuƙin yau da kullum kashi 60 gaba 40 baya, a kan tsakuwa 53 da 47, a filin tsere kuma rabon yana sauyawa har ya kai kashi 70 a baya. A ƙirar 2024 an sauke kujerar direba da milimita 25, an rage tsayin dashbod da milimita 50, an kuma karkato da maɓallan wajen direba. Na taɓa zama a cikin ta farko, ta 2020, inda madubin tsakiya da allon dashbod suka kusa haɗewa suna tare hanya, don haka na san gyaran ba na ado ba ne.

Ranar wanka ba a ɓoye cibi. A watan Agusta kawuna ya zo daga Kano ganin likita, motar uwargida kuma tana wurin bakanike, sai na tafi filin jirgi da wannan. Ya fito da akwati babba da jakar Ghana-must-go cike da tsaraba, ya tsaya ya kewaye motar da ido, sannan ya ce, “Ɗana, wannan ce aka ce ka zuba mata dukiya? Ina sauran ƙofofin?” Na ce, “Kawu, haka aka yi ta.” Ya ce, “To Allah ya sa alheri, amma ka tambaye su ko sun manta da rabinta a can.” But ɗin lita 174 ne, babu safaya a ƙarƙashinsa domin batir ne ya zauna a wurin, sai da na kwantar da kujerun baya kafin kayan su shiga. A hanya kuma duk ramin da muka taka sai ya sanar da bayan Kawu, saboda ƙafafunta masu tauri ne, gurnanin tayoyi a kan babbar hanya ma ya sa dole muka riƙa ɗaga murya muna gaisawa. Kujerun bayan na yara ne ko na kaya, babba ba zai yi tafiyar awa guda a ciki ya fito yana sa wa direba albarka ba. Ban ɗauki wannan a matsayin aibu ba, domin motar ba ta taɓa yin alkawarin zama motar iyali ba, amma wanda zai saya ya kamata ya sani tun kafin ya biya.

Kuɗin riƙe ta shi ne inda dokokin hayaƙi suka fara taɓa aljihuna. Lokacin da ta fito a 2020 farashinta a Birtaniya ya fara daga fam 29,995, ƙirar 2024 kuwa ta fara daga fam 44,250. Tunda ta haura fam 40,000, sai ta faɗa rukunin motoci masu tsada da ake ƙara wa haraji na tsawon shekara biyar, don haka a 2025 na biya fam 195 na kowa da kowa da ƙarin fam 425. Na ci sa'a wanda ya fara sayenta shi ya biya harajin shekarar farko, wanda ake lissafawa bisa yawan iskar kabon, domin a watan Afrilun 2025 an ninka shi, motar da ke fitar da gram 191 zuwa 225 a kowace kilomita ta tashi daga fam 1,650 zuwa 3,300. Tana son fetur mai daraja, wanda ya fi na gama-gari tsada, kuma a lissafina tana shan kusan lita tara a kilomita 100 idan na tuƙa ta da hankali. Duk da haka mu a nan da sauƙi, domin a Faransa harajin hayaƙi na sabuwar mota ya kai yuro 70,000 a matakinsa na ƙoli a 2025, har mota irin wannan takan zamana harajinta yana gogayya da farashinta.

Mutane da yawa suna haɗa dokokin nan wuri guda, alhali iri biyu ne. Na farko su ne ƙa'idojin Euro, masu kula da gubar da ke cutar da huhu, kamar iskar naitirojin oksayid da ƙananan ɓurɓushin hayaƙi. Wannan motar ta cika ƙa'idar Euro 6, tana da matata a cikin salansa mai tare ɓurɓushin, shi ya sa nake shiga Landan da ita ba tare da biyan fam 12.50 da ake karɓa kullum daga tsofaffin motoci ba. Matatar ce ma take danne mata murya, har masu ƙira suka koma ƙara sautin injin ta lasifikan cikin mota, abin da ban taɓa jin daɗinsa ba. Iri na biyu shi ne na iskar kabon mai ɗumama yanayi, kuma wannan babu matatar da za ta tare shi, domin kowace litar fetur da aka ƙona tana fitar da kusan kilo 2.3. Hanya ɗaya ce ta rage shi, ita ce a ƙona mai kaɗan, motar da aka yi don gudu kuwa ba ta san wannan yaren ba.

Tarayyar Turai ba ta haramta wata mota da suna ba. Abin da ta yi shi ne ta ce a tara duk motocin da kamfani ya sayar a fitar da matsakaici, kuma daga 2025 ma'aunin da aka sa a gaba shi ne gram 93.6 a kilomita. Kamfanin da ya haura nasa ma'aunin zai biya yuro 95 a kan kowane gram, a ninka da yawan motocin da ya sayar. Birtaniya ta ɗora nata sharaɗin, cewa kashi 22 cikin ɗari na sababbin motocin kowane kamfani su zama marasa hayaƙi a 2024, kashi 28 a 2025, har zuwa kashi 80 a 2030. Motata tana fitar da kusan gram 200, wato fiye da ninki biyu na ma'aunin Turai, saboda haka kowace guda da aka sayar sai an samu wasu masu ƙarancin hayaƙi da za su rufa mata asiri a lissafi. Toyota ta iya ɗaukar wannan nauyi ne domin ta shafe shekaru tana sayar da ɗimbin motoci masu haɗa fetur da lantarki. Idan na ga dattijuwa a cikin Yaris ta gida tana tafiya a hankali zuwa kasuwa, nakan tuna cewa da bazarta nake rawa.

Sauran ba su tsira ba. An daina ƙera Ford Fiesta a Yulin 2023, Renault ta rufe babin Mégane RS a wannan shekarar, Hyundai ta janye i20 N da i30 N daga Turai a 2024, Ford Focus ta bi sahu a Nuwamban 2025, Honda kuma ta sanar da cewa Civic Type R za ta bar kasuwar Turai a 2026. Ba hayaƙi kaɗai ne dalili ba, domin masu saye ma sun karkata ga manyan motoci masu tudu, amma lissafin kabon ne ya sa ƙaramar mota mai ƙarfi ta daina biyan wahalar ƙera ta.

A majalisar masoya mota ana yawan zagin dokokin, ni kuwa ba na iya shiga sahunsu da zuciya ɗaya. Na tashi a garin da hayaƙin babura da tsofaffin motoci yake rufe mahaɗar hanya da yamma har ido ya yi yaji, kuma na san abin da yake yi wa ƙirjin yaro mai asma. Wanda ya shaƙi wannan ba zai ce tsabtace iska wasa ba ne. Abin da nake ƙorafi a kai ƙarami ne: lissafin yana duba abin da ke fita daga salansa kawai, bai damu da cewa wannan motar kilo 1,280 ce ba, kuma yawancin masu irinta ba sa yin doguwar tafiya da ita kullum. Na gwada Hyundai Ioniq 5 N mai lantarki na rabin yini, ta fi tawa gudu nesa ba kusa ba, har da kwaikwayon canjin giya da ƙarar inji, kuma na yaba wa waɗanda suka yi ta. Sai dai ta haura tan biyu, kuma a cikin kwana jiki yana sanin nauyin da yake ɗauke da shi ko da kunne ya yarda da ruɗin.

Wanda yake da mota ta biyu a gida, yake kuma da hanyar tsauni kusa da shi, ba zai yi da-na-sanin sayen GR Yaris ba, kuma ina ba shi shawara ya nemi mai giyar hannu duk da cewa akwai mai otomatik mai giya takwas. Wanda kuma mota ɗaya zai riƙe don kai yara makaranta da ɗauko baƙi, ya nemi wata. Ni dai na yanke shawarar riƙe tawa har iya inda doka da aljihu suka bar ni. Na riga na kama gurbi a filin tsere na Oulton Park a watan Maris, domin in ga abin da take yi idan rabon ƙarfin ya koma baya ba tare da fargabar kyamarar hanya ba. Kawu zai dawo ganin likita a wannan makon, kuma ya aiko da saƙo tun yanzu cewa a zo ɗaukarsa da mota mai ƙofa huɗu.