Likitar abincin da ta raba ni da shayin rage tumbi da kwanan yunwa

Salam 'yan uwa. Bayani ne kan wani ɗan asibitin kuɗi a nan Kano da ke da likitar abinci, tana aiki tare da mai ba da shawara kan damuwa, ba talla nake musu ba shi ya sa ban sa suna ba. Na rubuta ne saboda masu irin matsalata da ake kira bulimiya, wato ki zauna ki yi ta ci ba birki, ciki ya cika har yana ciwo amma hannu ya ƙi tsayawa, sannan washegari ki hora kanki da yunwa ko ki sha shayin wankin ciki ko ki sa yatsa a maƙogwaro wai don ki biya abin da kika ci. Wallahi muna da yawa, har da maza, kunya ce kawai take rufe bakin kowa don a gida sai dai a ce miki acici.

Abin da ya fara burge ni, ba ta ɗora ni kan sikeli da shigata ba. Wani ƙaramin littafi ta ba ni mai layi-layi, lokaci, abin da na ci, inda na ci, me nake ji a raina a lokacin, da ko na yi wani abu don in biya. Da na koma ta buɗe ta sa jan biro ta zagaye wani fili a tsakiyar shafin tace "Hajiya kin ga nan? Daga bakwai na safe har tara na dare babu komai a cikinki sai ruwa da shayi. Duk wanda aka yi wa haka zai faɗa wa tukunya, ba rashin haƙuri ba ne." Ni kuma duk tunanina cin dare ne matsalar, yunwar rana kuma ita ce maganin, ashe yunwar ce take kunna wutar. Ta ba ni labarin gwajin da wani masani Ancel Keys ya yi a Jami'ar Minnesota ta Amurka a 1944 zuwa 1945, maza 36 lafiyayyu aka rage musu abinci kusan rabi na wata shida, suka koma ba su da zance sai na abinci, kuma da aka sake su wasunsu suka dinga ci har su yi rashin lafiya. Mutanen da ba su taɓa samun matsala da abinci ba fa.

Tsarin nata ba wani abu ne mai wuyar faɗa ba, yi ne da wuya. Abinci sau uku, ɗan taɓa-ka-lashe sau biyu a tsakani, kar a wuce awa huɗu ba a sa komai a baki ba. Koko da ƙosai da safe, ayaba ko gyaɗa da hantsi, shinkafa da wake da rana, awara ko ɗan kofin fura da la'asar, tuwo da dare. Tace daga tsarin wani likita Christopher Fairburn na Jami'ar Oxford ta ɗauko, wanda ake bi wajen maganin irin wannan ciwo. Inda aka fi shan fama shi ne safiyar da ta biyo bayan daren da kika narka, ciki a kumbure, rai a ɓace, kina jin haushin kanki, amma dole ki zauna ki karya kamar ba abin da ya faru. Ranar farko da na yi haka da hawaye na sha kokon nan, gani nake kamar ina ƙara laifi kan laifi, amma daren ranar ban tashi na buɗe firij ba. Kuma ba ta haramta min komai ba, indomi da cincin da gurasa duk ta dawo min da su a hankali, sharaɗin dai a faranti, a zaune, cikin mutane, ba a tsaye a kicin bayan kowa ya yi barci ba.

Maganar shayi kuwa, sawa ta yi na kawo kwalin, irin wanda ake tallatawa a Instagram da hoton da da yanzu. Babu lambar NAFDAC a jiki, a jerin kayan haɗin kuma ta nuna min senna, wato filasko dai namu da muka sani. Ta min bayani cewa filasko a babban hanji yake aiki, alhali kafin abinci ya kai can ƙaramin hanji ya riga ya tsotse kusan duk abin da zai tsotsa, don haka abin da kike zubarwa a bayi ruwa ne da gishirin jiki irin su fotasiyam, ba kitse ba, kuma in fotasiyam ya yi ƙasa sosai bugun zuciya yana rikicewa. Ta tura ni gwajin jini, ta kuma gargaɗe ni cewa in na daina zan ga kumburin ƙafa da taurin bayan gida na ɗan lokaci, kar in tsorata in koma. Haka kuwa aka yi, da ba ta faɗa min ba da tabbas na koma. Masu yin amai ma tace ruwan asid ɗin ciki yana cinye haƙori yana ƙona maƙogwaro. Ni abin da yake ci min rai shi ne yara 'yan mata da amare masu shirin biki da ake sayar wa wannan abu, tun 2019 Instagram suka ce za su ɓoye irin tallan daga 'yan ƙasa da shekara 18 amma a WhatsApp wa zai hana.

Wani wurin da na yaba mata shi ne azumin nafila. Ba ta ce min komai kan ibada ba, tambaya ɗaya tayi, in ban yi cin dare ba ina tashi da azumin washegari? Ta shawarce ni in ɗan dakata da nafila har cin nawa ya daidaita, in kuma tambayi malamin da na yarda da shi, sannan in Ramadan ya zo kar in kuskura in bar sahur. Ta kuma sa na gane cewa ciwo ne sananne da likitoci ke kira bulimiya, likitan Ingila Gerald Russell ya bayyana shi tun 1979, kuma in abin yana faruwa ko sau ɗaya a mako har wata uku to ya kai a nemi taimako.

Abin da bai min ba, kuɗin ya yi yawa gaskiya, kowane gani da kuɗinsa ga na gwaji daban. Mai ba da shawarar ba kullum take zuwa ba, samun lokacinta sai an yi haƙuri, alhali rabin matsalar a zuciya take. Takardar da aka fara miƙa min a wajen yankar kati duk abincin turawa ne, sai da likitar ta soke ta rubuta namu da hannu. Mai yankar katin kuma da ƙarfi take tambayar me ya kawo ki gaban mutane, wannan ya kamata su gyara, don mai wannan ciwo abu kaɗan zai sa ta juya ta tafi.

Yanzu dai ban warke sarai ba, wani lokacin in raina ya ɓaci ina wuce gona da iri, amma ya ragu sosai kuma na rabu da shayin da kwanan yunwa, Alhamdulillah. Wadda ba ta da halin na kuɗi ta gwada asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna. In kuma kina ganin jini a amai ko jiri ko zuciya na bugawa ba daidai ba, wannan na gaggawa ne kar ki jira ranar ganin likita. In za ki je ki tafi da kwalin shayin da duk maganin da kike sha, kuma ki karya kafin ki fita don layin yana iya kai ki azahar.