Yashin da ake biya wa kuɗi a Ostireliya

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa, da fatan Inna da yara duk suna lafiya. Ka ce hotuna ba su ishe ka ba, labari kake so, musamman yadda kuɗi ke tafiya a nan. To ga shi.

Disamba da Janairu su ne tsakiyar zafinmu, daidai lokacin da kuke fama da hunturu da hazo. Makarantu na hutun wajen mako shida, sai muka kwashi yara muka haye tsibirin Moreton, wanda 'yan asalin wurin ke kira Mulgumpin. Daga birnin Birisben jirgin ruwa mai ɗaukar motoci yakan yi kamar awa ɗaya da rabi. Tsibirin yashi ne kusan gaba ɗayansa, shi ne na uku a girma a duniya cikin irinsa, kuma ba a shimfiɗa masa kwalta ba. Sai jif mai ja da tayoyi huɗu, sai takardar izinin tuƙi a kan yashi, ita ma da kuɗinta.

Ina hango tuddan nan sai Tulo-Tulowa ta faɗo mini a rai, ranar da muka je ta Yusufari da motar kasuwa. Wallahi namu bai gaza nasu kyau ba. Mu dai a wurinmu yashi abin tsoro ne, yana binne gona yana cinye rijiya. Su kuwa sun kafa masa alamomi, sun ba kowane tudu suna. Mafi tsayinsu, Mount Tempest, mita 285 ne, har matakala aka yi masa.

Wasan da yara suka mutu a kai shi ne sulu daga saman tudu. Za a ba ka wani siririn falanki a goge cikinsa da kaki, ka kwanta rub da ciki, ka ɗaga bakinsa da hannu biyu, a tunkuɗa ka. Mai kula da mu ya yi ta nanata cewa a rufe baki, a ɗaga gwiwar hannu. Ni na ga abin yara ne, ban saurara ba. Ban kai ƙasa ba sai da na ci yashin da har washegari ina jin shi a haƙori, uwargida kuwa dariya har da hawaye. Abin da muka biya na wannan sulun, mu biyar, ai da a gida ne ya sayi buhun gero da canji. Da muna yara kyauta muke yinsa a bayan gari da murfin kwano.

Jif ɗin ma ta ba ni kunya. An ce in rage iskar taya kafin in sauka daga jirgi, na rage kaɗan don tausayin taya, ba mu yi nisa ba ta nutse. Wani dattijo Bature ya tsaya, ya fito da igiya da wasu faranti masu haƙora da ake cusawa ƙarƙashin taya, ya fizgo mu. Na miƙa masa na goro, ya kalle ni kamar na zage shi. Amma kamfanin da muka yi hayar motar, da muka mayar, sai da suka yanki kuɗin share yashi daga ajiyarmu. Motar da ka bayar haya don a shiga yashi!

Abin da na lura ke nan a ƙasar nan: duk abin da hannun mutum zai taɓa maka, tsada gare shi. Mafi ƙarancin albashi ya haura dala 24 tasu a awa ɗaya, saboda haka babu yaron mota, babu ɗan dako, babu mai faci a bakin hanya. Ranar hutun gwamnati ma wasu gidajen abinci ƙara kashi 10 ko 15 suke yi a kan kuɗin. A tsibirin abin ya fi muni, tunda komai jirgi ke kawo shi. Mun dai yi dabara, tun daga gida aka soya nama aka yi dambu da cincin.

Abin da ke na jama'a kuma ba a karɓar ko sisi. Da muka dawo mun kwana biyu a Caloundra, wani gari a bakin teku, can na ga aiki. Banɗaki mai tsabta, famfon wanke jiki, ruwan sha, har murhun gashi na lantarki a ƙarƙashin inuwa, maɓalli kawai za ka danna. Mu mukan shimfiɗa takardar gashi a kai, don ba ka san me na gabanka ya gasa ba. A bakin ruwa akwai tutoci biyu masu ja da rawaya, tsakaninsu kaɗai ake son a yi wanka, masu ceto na zaune suna kallo, da yawansu ma aikin sa kai suke yi a ƙarshen mako. Babban yaronmu ya ɗan kauce, nan take aka busa masa usur. A Moreton babu masu ceto, shi ya sa ko da muka je wurin tsofaffin jiragen ruwa 15 da aka nutsar da gangan tun daga 1963 don su tare igiyar ruwa, sai da kowa ya sa rigar ceto kafin ya leƙa kifaye. Bas da jirgin ƙasa a yankinmu kuwa santi 50 ne kacal tun 2024, kusan ko ina za ka.

Mangwaro yanzu ne lokacinsa, manya ne ba zare, amma ni har gobe ɗan ƙaramin namu mai tsotso nake marmari. Doya sai an je shagunan 'yan Afirka a unguwar Moorooka, kuma in ka ji kuɗin guda ɗaya sai ka mayar da ita a hankali.

Ka gaya wa Inna kada ta wahalar da kanta da kilishin da ta ce za ta ba mai zuwa. A filin jirgi karnuka ke shinshina jaka, nama ba ya shiga, wanda bai bayyana ba kuma tara ce mai nauyi. A gaida kowa da kowa.