Wasan Natsuwa da Wasan Wahala: Wanne Ya Fi Gyara Zuciya?

Masu neman abin da ya wuce nishaɗi a wasan bidiyo sun kasu gida biyu.

Akwai masu son wasan natsuwa, irin Journey da ya fito a 2012. Ba a furta kalma ko ɗaya a cikinsa. Kana tafe cikin hamada, ga dutse mai haske can nesa, kwatsam ka haɗu da wani ɗan wasa ta intanet. Ba ka san sunansa ba, ba ku da hanyar magana sai wata 'yar ƙara, amma in ka yi baya sai ka ga ya tsaya jiranka. Cikin kamar awa biyu an gama. Ni kam na daɗe zaune shiru bayansa, ina tunanin mutuwa da abokan tafiyar duniya.

Sai wasan wahala, irin Dark Souls na kamfanin FromSoftware na Japan, 2011. Dodo ɗaya zai yi ta kashe ka, abin da ka tara ya zube inda ka faɗi. In ka sake mutuwa kafin ka kai wurin, ya tafi ke nan. Mai gaggawa ba ya kai labari.

Na fi karkata ga na biyun. Natsuwar Journey takan dushe bayan kwana biyu, haƙurin Dark Souls kuwa ina jin sa duk ranar da aiki ya cije. Illarsa dai cin lokaci: yakan taɓa barci har da ibada.