Yaya na son ifoksi a falonsa: ga abin da na gani da idona a Holan

Tun ranar da Yaya ya turo min bidiyon wani falo a Abuja da aka zuba wa ifoksi, wato daɓen ruwan roba, ƙasa tana ta walƙiya har da hoton kifaye a cikinta, ya ce shi ma irinsa yake so a ginin da yake yi a Kano, hankalina bai kwanta ba. Na yi ta aika masa saƙon murya har ya daina saurare. Shi ya sa na ce bari in rubuta, tunda na lura ba shi kaɗai abin ya shiga wa rai ba.

A nan Holan wannan daɓen ba baƙon abu ba ne a gidajen zama. Ruwan roba ne ake kwararawa a kan siminti, ya baje da kansa, ya daskare, kaurinsa bai wuce milimita 2 zuwa 3 ba. Daga bakin ƙofa har kicin babu layi, babu gaɓa, babu inda datti zai maƙale. Na gidaje galibi mai ɗan laushi ne da suke kira PU, ifoksi mai tauri kuwa an fi sa shi a gareji da masana'antu. Yawancin gidajen haya a ƙasar nan tsirara ake ba ka su, siminti zalla, wani lokaci ko ƙwan lantarki babu, kai za ka shimfiɗa abin takawarka, ranar tashi kuma a ce ka kwashe kayanka. Mu Allah ya taimake mu, dattijuwar da ta ba mu haya a Rotterdam ta zauna a gidan da kanta, daɓen nata ne. Ranar da ta miƙa mana mukulli ta haɗa da takarda mai shafi biyu kan yadda ake kula da ƙasar. Takardar kula da ƙasa, jama'a!

Ranar sunan 'yata aka yi abin. Mata sun zo daga garuruwa daban-daban, 'yan Najeriya da 'yan Nijar da Hausawan Gana, gida ya cika, ana ta zuba waina da miyar taushe. Wata Anti da muke girmamawa ta ce gidan mai jego ba ya zama babu turaren wuta, ta kunna gawayi a murhu, ta zuba a kasko, ta ɗora turare mai kyau na Maiduguri. Ƙamshin nan ya kai ni gida, har ƙwalla ta taru min. Ba a jima ba na'urar hayaƙi da ke manne a silin ta tsala ihu. Tun Yulin 2022 doka ta wajabta ta a kowane hawa na gida, kuma ƙararta ba ta da daɗin ji. Anti ta firgita, kasko ya kife, garwashi ya watse a tsakiyar falo. Kafin a kwashe, wuri uku sun ƙone, baƙi ƙirin, roba ta narke ta lotsa. Maƙwabta suka fito suna leƙe, wani har ya ɗauko waya zai kira 'yan kwana-kwana.

Washegari dattijuwar ta zo. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta yi faɗa da ya fi min sauƙi. Ta durƙusa, ta shafa wurin da yatsa, ta ɗago ta tambaye ni a hankali ko a ƙasarmu a cikin ɗaki muke hura wuta a ƙasa. Na so in gaya mata cewa turaren nan da take wa kallon ƙauyanci, mata kan ɗauki makonni suna haɗa shi, kuma ɗakin uwata ya fi falonta ƙamshi nesa ba kusa ba. Harshen bai ishe ni ba, jikin ma ba ƙwari. Ta tuna mana cewa kuɗin ajiyarmu na hayar wata biyu yana hannunta, ta ce za ta kira kamfanin da ya zuba.

A nan ne abin ya fara ba ni mamaki. Shekaru da yin aikin, amma kamfanin yana da fayil ɗin gidan: ranar da aka zuba, lambar launin, irin fentin kariya da aka shafa a sama. Samun rana dai sai da muka yi haƙuri, domin a ƙasar nan ko famfo ne ya fashe sai an duba kalanda, kuma kuɗin zuwa kawai ya isa cefanen mako. Amma ranar da suka faɗa, a lokacin da suka faɗa, mutumin ya buga ƙararrawa. Kafin ya taɓa komai ya ce: "Zan cike ramukan, amma za ku riƙa ganin wurin. Launin da ya sha rana da wanda ya fito daga gwangwani ba sa zama ɗaya. In kuna son ya ɓace, sai an goge falon duka an sake shafa saman." Ya rubuta kuɗin wannan, ya rubuta na wancan, ya bar mu mu zaɓa. Wallahi na daɗe ina kallonsa. A gida da tuni an ce min "Hajiya, kar ki damu, zai dawo sabo fil," a karɓi kuɗin kaya, lamba ta daina shiga.

Yana aiki ina tambayarsa, shi kuma bai gaji ba. Ya auna ruwan gwangwani biyu a kan sikeli, giram da giram, ya ce in aka kuskure awon, ko dai ya ƙi bushewa ya yi ta danƙo, ko ya yi rauni. Ya ce sabon daɓe yakan ci kwana huɗu zuwa biyar: a goge simintin da inji, a tsotse ƙura, a shafa na farko, a cike ramuka, a kwarara, sannan a rufe da fentin kariya. Bayan kwana ɗaya ko biyu ana iya takawa, amma sai ya yi mako kafin ya gama ƙarfi, kafin nan ba ruwa, ba jan kujera. Wanda ya fi jaddadawa shi ne danshi. Ba sa zubawa sai sun auna simintin da na'ura, domin ruwan da ke ƙasa in ya rasa hanyar fita, sai ya ɗaga robar ta yi ƙuraje ta ɓare.

Gaskiya daɓen yana da daɗin zama. Manja ya zube, tsumma ɗaya ya isa. Yaro ya yi fitsari, ya kifar da koko, babu layin tayil da zai yi baƙi har sai an durƙusa da buroshi. Kofi ya faɗi, sau da yawa ba ya fashewa saboda ɗan laushin. Da sanyi kuma akwai bututun ruwan zafi a ƙarƙashi, sai ka ji ƙasa da ɗumi lokacin sallar asuba. Sai dai yana da abubuwan da ba ya yafewa, kuma kusan dukkansu kayan gidanmu ne. Lalle in ya ɗiga ya kwana, ya zauna. Kurkum haka, rinin gashi haka. Tabarmar ƙofa mai bayan roba da tayar keken yara suna barin tabo rawaya da ba ya fita. Bilic da garin sabulu da soson ƙarfe, waɗanda mu ba mu yarda an wanke ƙasa ba sai da su, suna kashe masa haske. Ruwa mai ɗumi da ɗan sabulu marar kaifi kawai yake so. Kowace ƙafar kujera sai an manna mata ɗan ƙyalle. Babban maƙiyinsa kuwa yashi ne: ƙwayoyin da takalmi ke shigowa da su, su ne ke karce shi a hankali har ya dushe. A nan mu muka fi masu ƙasar, tunda da yawansu da takalmi suke shiga har ɗaki, mu kuwa a bakin ƙofa muke tuɓewa. Mutumin da kansa ya ce ban da ƙunar, falonmu ya fi na mutane da yawa lafiya.

Ina kallon falon nan marar gaɓa sai in tuna ɗakin kakata. Mu ma ai muna da namu daɓen. A zuba tsakuwa da jar ƙasa, mata su taru da madaɓi suna bugawa suna waƙa, a yayyafa ruwan makuba na ɓawon ɗorawa har ƙasa ta yi santsi ta yi duhu. Ba a taka shi da takalmi, ba a jan kaya a kai, in ya fara zaizayewa a sake gayya a gyara. Matan nan sun san ƙasa aba ce da ake kiwo. Yau mun koma sai dai mu saya, mu yi hoto, mu manta. Tayil ya fashe a bar shi shekara biyar, leda ta yage a ja kujera a rufe wurin. Gidan miliyoyi, amma ba a ware ko sisi na gyara ba.

To wannan halin ne za a ɗora wa ifoksi? Yaya, ka yi tunani da kyau. Kankare yana buƙatar kwana 28 kafin ya nuna, bushewarsa kuma ta fi haka daɗewa, mu kuwa so muke a gama kafin biki. Gine-gine nawa ne a unguwarku aka shimfiɗa musu ledar tare danshi kafin a zuba kankaren ƙasa? Damina ɗaya za ta tona asiri. In an kwarara da hunturu, ƙura za ta sauka a kai tun yana ɗanye ta zauna har abada. In da bazara ne, zafin da ke haura digiri 40 zai sa ya fara daskarewa a bokiti kafin a gama bajewa. Ifoksi yana yin rawaya inda rana ke dukansa, kuma mai ƙyallin nan da ka gani, da ruwan alwala ya taɓa shi ya zama tarko. Ka tuna Hajiya da gwiwarta. Ga kasko kullum a falo, ga yara da yashin tsakar gida, ga 'yar aiki da ba wanda zai zaunar ya koya mata abin da za ta goge da shi. A nan murabba'in mita ɗaya yakan kai Yuro 100 ko fiye, kuma cikin abin da ake biya har da kuɗin shirya ƙasa da tsayawa a kan aiki. Wanda ya yi maka araha sosai, a can ya rage.

Ban ce kar ka yi ba, akwai masu aikin kirki a gida. Amma duk wanda ya zo, ka ce ya kai ka gidan da ya zuba shekara uku da suka wuce, ka taka da ƙafarka, ka tambayi matar gidan ba mijin ba. Ka tambaye shi da me zai auna danshi, ka ga sikelinsa, ka sa ya rubuta maka sunan kayan da lambar launi da shekarun da ya ɗauki alhakin gyara, ya sa hannu. In ya fara "haba Alhaji, ba ka yarda da ni ba ne?", ka sallame shi da kuɗin mota. Ni dai ɓangaren da ka ce za ka ware min in na zo hutu, tarazo nake so a zuba, irin na tsofaffin makarantu da asibitoci, a goge shi da kyau.