Layin da ya hana mu ganin faɗuwar rana a Phnom Bakheng

Direban tuktuk ɗin (irin keke-napep) da muka ɗauka haya na kwana uku a birnin Siem Reap na ƙasar Kambodiya ne ya tabbatar mana cewa idan muka isa gindin tsaunin Phnom Bakheng da ƙarfe biyar na yamma, za mu kalli faɗuwar rana daga saman tsohon haikalin da ke kan tsaunin hankali kwance. Bai gaya mana cewa mutum 300 kawai ake bari a saman a lokaci guda ba, kuma sai wani ya sauko ya mayar da katinsa kafin na gaba ya hau.

Mun yi kusan minti ashirin muna hawa ta hanyar da ta kewaye tsaunin, gumi ya jiƙa mana riguna sharkaf, sai muka tarar da layi ya miƙe har cikin itatuwa. Muka tsaya fiye da rabin awa muna matsawa taku ɗaya ɗaya, ina kallon sama tana yin ja ta tsakanin rassa, har ta koma toka-toka. Lokacin da kati ya iso hannuna, magariba ta riga ta kawo jiki, jama'a na saukowa suna nuna wa juna hotuna a wayoyinsu. Na sauko raina a ɓace, na ce wa maiɗakina wurin bai kai yadda ake zuzuta shi ba.

Ita ce ta matsa muka koma washegari da sassafe, kuma a nan na janye maganata. Ba mu kai mutum goma a saman ba. Sarki Yasovarman na Ɗaya ne ya gina haikalin a ƙarshen ƙarni na 9 domin bautar Shiba, abin bautar mabiya addinin Hindu, fiye da shekara 200 kafin a gina shahararren haikalin Angkor Wat, kuma idan mutum ya hau hawa na biyar ya juya kudu maso gabas, zai hango hasumiyoyin Angkor Wat ɗin sun leƙo daga cikin kurmi, hazo na yawo a gindinsu. Na daɗe zaune a kan wani dutse mai sanyi ina kallo.

Sai dai da muka sauko, direban nan da ya jawo mana asarar jiya ya nemi ƙarin kuɗi, wai zuwa sau biyu ba ya cikin cinikinmu. Na biya shi don ba na son rigima a ƙasar mutane, amma har yau idan na tuna abin sai ya tsaya mini a rai.